Yatsan Inna a Takardar Kawu

Ranar da Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, tabarmin gidansa ba su ishi mutane ba, sai da aka aro na maƙwabta aka shimfiɗa har bakin hanya. Mutanen Tsafe sun zo, don can aka haife shi. Mutanen Bungudu sun zo, don can ya aurar da ƙanwarsa. Na Gusau kuwa ba a maganarsu, tunda a cikinsu ya tsufa. Ni ina zaune kusa da babban ɗansa muna amsa gaisuwa, ina jin abin da kowa ke faɗi bayan an shafa fatiha.

Wani tsohon bafatake daga Bilbis, wanda da ƙyar yake ɗaga ƙafa, ya zauna ya yi gaisuwa. Can ya ce, "Mutumin ga ya taɓa hana ni aika kayana. Shekara guda mun ka yi ba mu gaisawa. Allah shi gahwarta mai, shi ad da gaskiya." Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida a gaya wa maza cewa marigayin ne ya taka da ƙafarsa har Wonaka ya gaya mata mutuwar mijinta, bai bari ta ji a bakin 'yan kasuwa ba. Liman ya ce shi dai bai taɓa ganin Kawu ya sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba.

Sai na ji wasu baƙin ma'aikata biyu da suka kama haya a unguwar suna magana a bayana. Ɗaya ya tambaya ko tsohon akawu ne. Ɗayan ya ce a'a, mai cika takarda ne kawai a bakin gidan waya. Ban juya ba, don wurin makoki ba wurin gardama ba ne, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ba don wannan mai cika takardar ba, da yanzu babu wanda ya san inda kabarina yake.

Kawu bai fara da alƙalami ba, da ƙafa ya fara. Bayan zuwan Turawa da 'yan shekaru, yana cikin samarin da ke ɗaukar jakar wasiƙu a ka, daga Tsafe zuwa Gusau, wasu su karɓa su yi Bungudu da ita har Sakkwato. Jirgin ƙasa bai iso mana ba a lokacin. Kurkunu ne ya kwantar da shi wata damina, ya tashi da ɗingishin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Akawun gidan waya na Gusau mutumin bakin teku ne, Hausarsa ba ta wuce ta sayen tuwo ba. Suka yi musaya. Kawu ya gyara masa Hausa, shi kuma ya koya wa Kawu baƙaƙen boko da ɗan Turancin da takardar kaya ke bukata. Ajami kuwa tun a zauren mahaifinsa ya iya shi. Daga nan ya shimfiɗa buzunsa a gindin maɗacin da ke ƙofar gidan waya, ya ajiye tawada da alƙalamin ƙarfe.

Yaran yanzu fom suke ce wa takardar. Kawu takardar rakiya yake ce mata. Faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, an zana mata gidaje. Gidan farko na sunan mai aikawa ne da garinsu, na biyu na wanda za a kai wa, na uku na abin da ke cikin ƙunshin. Akwai gidan nauyi, wannan akawu ne ke cikawa bayan ya ɗora a sikeli. Na ƙarshe tambaya ce: idan ba a sami mai kayan ba, a maido ko a bari. A ƙasa mai aikawa ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. Sai a ɗaure ta jikin ƙunshin su tafi tare.

Mutanenmu sun daɗe ba su gane amfaninta ba. Mun saba ka ba bafatake saƙo ka ce ya kai wa ɗan wance a unguwar masu rini, shi ke nan, ya san fuskar, ya san gidan. Kawu yakan ce musu, "Bahwatake shina da baki, shina da ido. Jaka ba ta da ko ɗaya. Takardag ga ita ta bakin kayanka, in kas sa ta yi ƙarya, kai kay yi."

Yana da halaye uku da duk Gusau ta san shi da su. Kafin ya taɓa alƙalami sai ya ɗauki ƙunshi ya girgiza a kunnensa, sannan ya kai hanci ya shaƙa. Mata suna yi masa dariya suna cewa Malam ya fi kyanwa hanci. Dalilinsa shi ne, a farkon zamansa wani ya kawo gora a naɗe cikin tsumma ya ce zare ne, ashe man shanu ne. Rana ta buge jakar a hanyar Funtuwa, man ya narke ya jiƙa wasiƙun mutane. Kawu ya ce kwana uku bai iya haɗa ido da akawu ba. Hali na uku, idan ya gama rubutu sai ya karanta wa mutum da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, ba zai miƙa tawadar yatsa ba sai an ce masa haka ne.

Rigimarsa da bafataken Bilbis ma hancin ne ya jawo ta. Mutumin ya kawo ƙunshi ya ce a rubuta kanwa. Kawu ya shaƙa ya ce wannan kanwar tana da ɗan'uwa a cikin bindiga. Albarushi ne zai aika wa wani maharbi. Bafatake ya yi lallashi, ya yi zagi, ya tuna wa Kawu cewa kakanninsu ɗaya. Kawu ya tura masa ƙunshinsa ya ce ya ɗora a jakinsa ya kai da kansa, yaran da ke ɗaukar jaka a ka su ma 'ya'yan wasu ne.

Gidan ƙarshen nan shi ya fi damunsa. Idan ƙunshi ya dawo an rubuta a bayan takardar cewa mai shi ya rasu, a ƙa'ida ajiyewa ake yi har mai aikawa ya zo tambaya. Kawu ba ya iya kallon irin wannan ƙunshin a kan kanta. Yakan roƙi akawu, ya rataya shi a kafaɗa, ya ja ƙafarsa har ƙauyen, ya nemi babban gidan ya zauna da shi tukuna. Ba aikinsa ba ne, babu wanda ya sa shi.

To, ga inda na shigo.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. Idan Inna tana so in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wancan tuwo na hucewa," ni kuwa ina tsaye kusa da ita. Muddin Kaka na da rai ban damu ba, ina da mai kirana. Sai Baba ya rasu, shekara ba ta zagayo ba Kaka ta bi shi. Na zama saurayi mai shekara ashirin da wani abu a gidan da babu mai ambatona. Ina ji Inna tana wasa da ƙannena, tana yi musu kirari, idan na shigo sai ta yi shiru ta juya baya. Da kaina na san al'ada ce. Zuciyata ce ta ƙi yarda. Na ƙudura cewa kunyar nan mafaka ce kawai, matar ba ta sona.

Bayan an cire auduga na bi ayarin jakuna zuwa Zariya ban yi sallama da kowa ba. Na yi dako a tashar jirgi wata bakwai. Da azumi ya kama na gamu da wani mutumin garinmu, na ba shi saƙo mai zafi. Na ce ya gaya wa mutanen gida cewa bayan Sallah zan bi lebura zuwa Kudu, ba zan dawo ba, kada wanda ya wahalar da kansa. Kuma da gaske nake. A wancan zamanin wanda ya yi Kudu a haka, sau da yawa labarinsa ya ƙare ke nan.

Abin da ya faru a Gusau daga bakin Kawu na ji shi, ya ba ni labarin ya fi sau ashirin, yana kwaikwayon muryar Inna har da yadda take jan mayafi.

Saƙona ya isa Bungudu saura kwana goma sha biyu Sallah. Jakar Zariya ranar Talata take tashi da azahar, idan ta wuce sai wata Talatar, wannan kuwa ba za ta same ni ba. Inna ta fito bayan asuba, da azumi a bakinta, ta taka har Gusau da ƙunshi a ka. Riga ce ta saƙi. Ita ta kaɗa zaren da hannunta tun tafiyata, ta kai wa masaƙi, ta kai wa maɗinki, ba ta gaya wa kowa ko ta wane ne ba.

Suka gaisa da Kawu. Kawu ya girgiza, ya shaƙa, ya ce yana jin daddawa. Ta ce 'yar kaɗan ce. Ya ce ko ƙwaya ɗaya ce sai ta shiga takarda, ya rubuta riga ɗaya da daddawa. Da ya zo gidan wanda za a kai wa bai tambaye ta ba, ya sunkuyar da kai ya rubuta sunana. Sannan ya ɗago.

"Daga wa?"

"Rubuta daga kai," in ji Inna.

"Ni nik kaɗa zaren?"

"To rubuta daga mutanen gida."

"Mutanen gida ba su da yatsa guda. Wanda yak kawo kaya shi ka dangwalawa."

Inna ta dubi mutanen da ke tsaye suna jiran layi, ta rage murya. "Yaya, tsirara kaka son ka yi min a bakin hanya? Sunana da nashi cikin takarda guda, kowa na karantawa har Zariya? Mi za a ce da ni Bungudu?"

Kawu ya ce, "Ba ni rubuta abin da ba shi ba, kin sani. Kuma ki ji. In yaron ga ya ga sunana, cewa za shi yi Kawu ya ji tausai nai. Shi sa rigar shi yi Kudu da ita. Ba riga yar rasa ba."

Ta ɗauki ƙunshinta ta aza a ka ta kama hanyar Bungudu.

Kawu ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin tsoro irin na wannan hantsin ba. Alƙalami na hannunsa, gidan babu komai a ciki, rubuta sunansa ba zai ɗauke shi ƙiftawar ido ba, kuma akawu ba zai tambaya ba. Ya san idan ba ta dawo ba ya rasa ƙanwa ya rasa ɗa a rana ɗaya, kuma shi ya jawo. Ya cika wa mutum uku takardunsu, idonsa na kan hanyar Bungudu. Rana ta take, masu ɗaukar jaka suka fara ɗaure ɗamara. Ya shiga wurin akawu, shi da bai taɓa roƙon alfarma don kansa ba, ya ce a jinkirta rufe jaka har a yi sallah. Akawu ya dube shi, ya dubi agogo, ya ce yau igiyar ɗaure jaka ta ɓace masa, sai ya nemo.

Ana sallame azahar sai ga ta. Ta kai har bakin gulbi ta juyo. Ta dire ƙunshin a kan buzu, ta zauna ta ba shi gefen fuska. Kawu ya rubuta sunanta da Bungudu. Ya fara karantawa kamar yadda ya saba, amma a hankali yadda su biyu kaɗai za su ji. Da ya iso sunana bai furta ba, ya ɗora bakin alƙalami a wurin ya ɗan dakata. Ta ce, "Haka na."

Saura gida ɗaya. Ya ce, "In ba a ishe shi ba, a maido ko a bari?"

Masu jaka suna tsaye a kansu.

"A neme shi," in ji ta.

"Babu gidan wanga cikin takarda. Biyu na kawai, a maido ko a bari."

"To ka yi mai gida."

Kawu ya juya takardar a kaikaice ya rubuta a gefe, da boko da ajami. Akawu ya leƙo ya ce wannan ba ya cikin tsari. Kawu ya ce shi abin da mai kaya ta faɗa ya rubuta, ba zai zaɓar mata abin da ba ta ce ba. Akawu ya yi tsaki, ya karɓi alƙalamin, ya ƙara layi ɗaya da Turancinsa a ƙarƙashi, ya buga hatimi. Inna ta miƙa babban yatsanta aka shafa masa tawada.

Lokacin da ƙunshin ya isa Zariya na riga na bar gidan da nake kwana, na koma rumfar lebura a bayan tasha muna jiran jirgi. Masinjan gidan waya ya je gidan aka ce na tashi. A ƙa'ida nan aikinsa ya ƙare. Amma akawun Zariya ya duba gidan ƙarshe don ya ga ko a maido ne ko a bari, ya tarar babu ko ɗaya, sai rubutu a gefe. Ya sake tura masinjan. Kwana biyu mutumin yana bin rumfuna yana tambayar ɗan Bungudu. Ya same ni ana gobe jirginmu zai tashi.

Na bi shi, na zaci maganar haraji ce. Akawu ya turo mini ƙunshi a kan kanta ya nuna inda zan dangwala. Boko ban iya ba a lokacin, amma na ga ajamin Kawu a gefe, na san hannunsa. An rubuta: A neme shi. Haka ta ce da bakinta. Na ce wa akawu wace ce. Ya karanta mini sunan mahaifiyata.

Ban yarda ba sai da na duba ƙasan takardar. Babban yatsan Inna yana da tabo, lauje ya taɓa yanka shi a gonar gero. Ni da ban sami fuskarta ba, da kallon hannuwanta na girma, wajen tuƙi, wajen kaɗi, wajen miƙa wa ƙanwata ƙwaryar da za a kawo mini. Ga tabon nan a cikin tawada, farin layi ya ratsa baƙi, faɗin yatsa uku tsakaninsa da sunana. Na durƙusa a gaban kantar na yi kuka, ƙato da ni, mutane na tsallake ni. Ban ji kunyar kowa ba.

Jirgi ya tashi babu ni. Na biyo 'yan jaka a ƙafa, muka kwana Funtuwa, muka kwana Tsafe. A Gusau na tarar da Kawu a gindin maɗaci yana shaƙar ƙunshin wani. Ya ɗago ya gan ni cikin rigar, ya ce, "Daddawar fa? Kada ka ce min ka cinye ba ka rago ma Kawunka ba." Ya naɗe buzunsa tun rana ba ta yi sanyi ba, abin da ba a taɓa gani ba, ya ce shi zai raka ni.

Mun shiga Bungudu da la'asar. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Da ta ji sallamarmu ta amsa wa Kawu, ta juya mini baya kamar kullum. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ba ta amsa ba, ta ci gaba da kaɗa rariya, ko da yake garin ya ƙare tun tuni. Na fara fid da rai. Sai ta ce wa Kawu, "Yaya, tambayi wancan ko rigar ta yi mai."

Kawu ya zauna a kan turmi ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya ce, "Ni na gaji da ɗaukam maku saƙo. Ga shi ga ki."

Na ce, "Ta yi, Inna."

Rariyar ta tsaya. Bango take kallo, ba ni ba. Amma ba ta bi ta kan ƙanwata ba, ba ta bi ta kan Kawu ba. Ta ce, "To, madalla. Tashi ka sha ruwa."

Ita ce magana ta farko da mahaifiyata ta yi mini a duniya. Kawu ya ja hannun rigarsa ya share fuska, ya ce hayaƙin murhun gidan nan ya yi yawa, alhali ba a hura wuta ba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Mun shaida bai rubuta ƙarya ba, kuma bai bar mu mun ɓace ba. Ka ba shi takardarsa a hannun dama, ka yalwata masa makwanci, ka sada shi da ƙanwarsa Inna, wadda ta riga shi tafiya, a inda babu rabuwa. Amin.